Durƙusasshiyar Mota da Sandar Tokara



Duk wanda ya taɓa ratsawa ta wani babban filin ajiye motoci a bayan garin Birmingham ko Manchester ran Asabar da dare, mai yiwuwa ne ya ci karo da taron samari, motocinsu a jere, an ɗaga murfin injin kowace ana kallo. Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne cikin motocin nan ya kusa taɓa ƙasa, sai ka ce raƙuma ne aka durƙusar za a yi musu laftu. In kuwa ya matsa ya leƙa wajen inji, a cikin da yawa daga cikinsu zai ga wata sandar ƙarfe mai ƙyalli ta gitta daga dama zuwa hagu, an ɗaure bakinta biyu da noti. Ita ce sandar tokara.

Wannan sha'awa ba ta bar 'ya'yan Hausawa da suka tashi a Ingila da Jamus da Amurka ba. Saurayi ya yi aiki ya tara kuɗi, ya sayi tsohuwar mota, ya kai ta gareji aka durƙusar masa da ita, watau aka sa mata gajerun sifirin don ta matso ƙasa. Kafin ya fita, sai wani ya ce masa aikin bai cika ba sai ya ƙara da sandar tokara, in ba haka ba jikin motar zai murɗe. To, gaskiya ne? Amsar a taƙaice ita ce, durƙusar da mota shi kaɗai bai wajabta mata wannan sanda ba. Akwai motocin da take yi wa amfani, amma dalilin daban ne. Abin da ya sa maganar ta cancanci a tsaya a kanta kuwa shi ne, kuɗin da aka kashe a kan sandar sau da yawa shi ne kuɗin da ya kamata a kashe wajen abin da ke tsare ran direba da na waɗanda ya ɗauka.

Durƙusar da mota ba sabon abu ba ne. Masu tseren motoci sun daɗe da sanin cewa motar da ke kusa da ƙasa ta fi zama daram in ta sha kwana. Amma yin haka don ado ya yi ƙarfi ne a birnin Los Angeles bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a tsakanin samari 'yan asalin Meksiko, har a shekarar 1958 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta hana wani sashe na jikin mota ya sauka ƙasa da gindin wili. Samarin nan suka ɓullo da dabarar sa famfunan mai masu ɗaga mota su sauke ta yadda direba ya ga dama. Ba a soke dokar ba sai a farkon 2024. A Japan ma akwai masu irin wannan ado, kuma a Ingila abin ya bunƙasa ƙwarai daga shekarun 1990. Yau kamfanoni da yawa suna sayar da gajerun sifirin, galibinsu masu sauke mota da milimita 25 zuwa 40, watau inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Kafin a gane aikin sandar, tilas a san abin da take tokarewa. A zamanin da, ana ƙera mota ne a kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu kauri, kamar tsani a kwance, sa'an nan a ɗora jiki a kai. Har yanzu haka ake ƙera manyan motoci da irin su Toyota Hilux. Amma ƙananan motoci tun tuni aka koma ƙera su da fallayen ƙarfe da aka lanƙwasa aka haɗa da walda, jikin ya zama shi ne ƙashin kansa. Motar Citroën Traction Avant ta 1934 tana cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan tsari. Daga baya wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, wanda ya yi aiki a kamfanin General Motors sa'an nan ya koma Ford a 1947, ya tsara wata irin ƙafar mota da ta dace da irin wannan jiki. Ya haɗa sifirin da shokozoba suka zama ginshiƙi guda, gindinsa na riƙe da wili, kansa kuma an ɗaure shi a jikin mota, a wani tudun ƙarfe da ke gefen inji. Motocin Ford Consul da Zephyr da aka nuna a Landan cikin 1950 da ita suka fito. Da yake tana da araha, ba ta kuma cin wuri, yau mafi yawan ƙananan motocin duniya irinta gare su a gaba.

Wanda ya girma a Afirka ta Yamma ya san wannan ƙafa ko bai san sunanta ba, gama ita ce a gaban Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. In aka ɗaga murfin injin irin waɗannan motoci, za a ga tudu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane da 'yan notuna a kansa. A iya kiransu kafaɗun mota. A kansu nauyin gaban mota yake rataye, kuma duk ramin da taya ta faɗa, su ne ke shan bugun. Bugu da ƙari, a tsarin MacPherson ginshiƙin nan shi ne ke tsai da taya a miƙe. Saboda haka in kafaɗa ta gusa, taya ma ta karkata, sashen da ke taɓa kwalta ya ragu.

Tsakanin kafaɗun nan biyu kuwa babu komai sai inji, shi kuma ba ya riƙe su. Misalinsu kamar turaku biyu ne na rumfar kasuwa da aka kafa ba a gitta musu itace a sama ba. In iska ta bugi ɗaya, shi kaɗai zai sha wuya. In aka gitta itace aka ɗaure, sai su raba wahalar. Wannan shi ne dukan aikin sandar tokara: in mota ta sha kwana da ƙarfi, kafaɗar da ke waje ta nemi gusawa, sai ta jingina da 'yar'uwarta. Amma duk wanda ya taɓa kafa rumfa ya san abu guda. Itacen da aka gitta ba ya hana turakun su kwanta tare ta gefe ɗaya, sai an ƙara wani a karkace. Don haka ne sandar da ta fi aiki ita ce wadda aka haɗa da bangon da ke tsakanin inji da direba, ta zama mai kusurwa uku. Motar Shelby GT350 ta 1965 tana da duka biyun, da mai gittawa da mai komawa bango. Ita kuwa sandar da aka yi wa gaɓa a bakinta biyu, tana lanƙwasawa kamar ƙyauren ƙofa, rabin amfaninta ya tafi tun ba a ɗaura ta ba.

To, mene ne durƙusar da mota ke sakewa a cikin wannan lissafi? Mutane da yawa suna zaton yana ƙara wa kafaɗun wahala in ana shan kwana. Lissafi bai nuna haka ba. In mota ta shiga kwana, wani kaso na nauyinta yana barin tayoyin ciki ya koma kan na waje, kuma yawan wannan kaso ya dogara ne ga nauyin motar, da ƙarfin kwanar, da nisan cibiyar nauyinta daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin tayoyin dama da na hagu. Alal misali, a ƙaddara mota mai nauyin kilo 1,200, cibiyar nauyinta na bisa ƙasa da milimita 550, faɗin ƙafafunta milimita 1,500, ta sha kwana da ƙarfin da ke tura ta gefe daidai da kashi takwas cikin goma na nauyinta. Nauyin da zai koma kan tayoyin waje kilo 352 ne. In aka sauke cibiyar da milimita 30, sai ya zama kilo 333. Ashe ke nan durƙusawar ragi ta yi, ko da yake ragin bai taka kara ya karya ba. Fallayen ƙarfen jikin motar kuma suna nan yadda maƙera suka bar su, ba su ƙara laushi ba don an sake sifirin.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abubuwan da durƙusawa ke ɓatawa suna can ƙasa, inda sandar ba ta kai.

Na farko, saitin ƙafa. Maƙeran mota sun auna kowace gaɓa ta ƙafarta ne bisa tsayin da suka ba ta. In jiki ya sauka, kan tayoyin yakan karkata ciki, gabansu kuma ya buɗe ko ya tsuke fiye da ƙima. Sakamakon haka sai taya ta cinye ta gefen ciki, inda mai mota ba ya gani in ya tsaya a waje. Zai ga zanen tayarsa lafiya lau, alhali kuwa ta ciki waya ta kusa bayyana. Irin wannan taya ce ke fashewa a babbar hanya.

Na biyu, hanyar da ƙafa ke da ita ta motsawa. Mota tana da iyakar yadda taya za ta iya hawa sama kafin ta bugi wata roba da aka sa a ƙarshen shokozoba. In an sauke mota da milimita 40, an ci milimita 40 ke nan daga wannan hanya. In aka ɗauki mutum huɗu da kaya, aka hau gargada, sai ƙafar ta riƙa kai wa ƙarshe tana buguwa. A daidai lokacin da ta bugu, motar ta zama kamar ba ta da sifirin, taya na iya yin tsalle ta saki hanya, kuma in a tsakiyar kwana ne ko ana taka birki, to, sai abin da Allah ya yi.

Na uku, shokozoba. Gajerun sifirin sun fi na asali tauri, domin kada motar ta riƙa dukan ƙasa. Tsohon shokozoba da ya riga ya gaji ba zai iya lallashin sifirin mai tauri ba. Mota sai ta riƙa sukuwa bayan kowane tudu, shi kuma shokozoban ya ƙarasa mutuwa da wuri.

Na huɗu ya fi wuyar gani. A ƙafar MacPherson akwai wani hannun ƙarfe a ƙasa da ke haɗa wili da jikin mota, wanda a motar da ba a taɓa ba yake kusan a kwance, ko ya ɗan gangara wajen wili. In aka durƙusar da mota da yawa, sai hannun nan ya juya ya daga wajen wili. Daga nan motar kan ƙara son kwantawa gefe a kwana, sai dai taurin sifirin ya ɓoye abin, sitiyari kuma ya riƙa fizga da kansa in taya ɗaya ta hau tudu. Saboda haka motar da aka sauke fiye da kima tana iya zama ta fi ta asali wuyar tuƙi.

Cikin abubuwan nan huɗu babu ko ɗaya da sandar tokara ke gyarawa. Wanda ya ji motarsa na rawa bayan ya durƙusar da ita, ya je ya sayo sanda, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Amma fa ba a ce sandar aikin banza ce ba. Da haka ne, da manyan kamfanoni ba su sa ta da kansu ba. Nissan 350Z ta 2002 ta fito da ita a gaba, da wata babba kuma a baya. BMW M3 da M4 na 2014 sun fito da wata da aka yi da zaren kabon, mara nauyi ƙwarai. Abin lura shi ne, waɗannan motoci ne da aka ƙera don gudu mai tsanani, kuma injiniyoyinsu sun auna jikin motar tukuna suka san inda ya kamata a ɗaure.

Ga wanda ya durƙusar da motarsa, sandar na iya yin tasiri in abubuwa uku sun haɗu. Da fari, ƙafar gaban motar ta zama irin ta MacPherson. In mai hannu biyu ce, sama da ƙasa, kamar ta Mazda MX-5, hannuwan ne ke tsai da taya, kafaɗar kuwa nauyi kawai take ɗauka, saboda haka amfanin sandar kaɗan ne. Na biyu, jikin motar ya zama mai laushi: tsohuwar ƙira irin ta Volkswagen Golf ta farko, ta 1974, ko motar da ba ta da rufin ƙarfe. Motocin zamani sun fi na da tauri nesa ba kusa ba, musamman tun da aka fara gwajin karo na Euro NCAP a 1997, kuma da yawansu an manna kafaɗunsu kusa da bangon inji, har sun zama a tokare tun daga masana'anta. Na uku, a ce an sa sifirin mai tauri sosai da tayoyi masu kama kwalta, ana kuma shiga filin tsere da motar. Dalili kuwa, jikin mota shi ma wani irin sifirin ne mai tauri ƙwarai. Muddin sifirin na ainihi ya fi shi laushi da nisa, shi ne zai riƙa lanƙwasawa, jiki ya huta. In aka taurara sifirin ƙwarai, sai jikin ya fara karɓar wani kaso na motsin, bugun hanya kuma ya riƙa isa kafaɗa da zafinsa. A nan ne direban da ya ƙware zai iya jin sitiyari ya ƙara amsawa da sauri in an sa sanda. Shi kuwa mai zuwa aiki da kai yara makaranta a titunan gari, da wuya ya ji wani bambanci, sai dai abin da zuciyarsa ta raya masa don ya biya kuɗi.

Sandar tana da nata aibin kuma. Takan tare hanyar batir ko wurin zuba man birki. In ba a auna ta daidai ba, takan gogi murfin inji. In mota ta yi karo ta gefe ɗaya, tana iya kai bugun zuwa ɗaya kafaɗar, gyaran da zai tsaya a gefe guda ya zama na gefe biyu. Kuma in kafaɗa ta riga ta yi tsatsa, kamar yadda kan faru a ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin sanyi, ɗaura mata sanda ba magani ba ne. Wannan aikin mai walda ne, kuma na gaggawa.

Akwai kuma maganar hukuma, wadda baƙo a ƙasar Turai ya kamata ya fi kowa kiyayewa. A Ingila kamfanonin inshora sukan tambayi mai mota ko ya sake wani abu a jikinta. Gajerun sifirin sakewa ne, ita ma sandar tokara haka. Wanda ya ɓoye, ran da hatsari ya auku kamfani na iya rage abin da zai biya, ko ya ƙi biya, ko ya soke inshorar, mai mota ya wayi gari da bashin da ya fi kuɗin motarsa. Har ila yau, a Ingila duk motar da ta shekara uku sai an kai ta gwajin lafiya kowace shekara, ana kuma duba sifirin da shokozoba da tayoyi da saitin fitilu. A Jamus abin ya fi tsanani, domin kayan durƙusar da mota sai suna da takardar amincewa, kuma sau da yawa sai masu gwaji irin su TÜV sun duba aikin an shigar da shi cikin takardun motar. Sa'an nan ga tudun rage gudu, wanda dokar Ingila ta yarda ya kai milimita 100. Motar da aka sauke da yawa, nan take barin salansarta, ko ta fasa kaskon baƙin mai.

Saboda haka wanda ya ƙudura sai ya durƙusar da motarsa, ga yadda masu hankali ke jera kashe kuɗinsu. Ya sayi sifirin da aka ƙera musamman don irin motarsa, kada ya yarda a yanke na asali ko a gasa shi da wuta, gama yankakken sifirin na iya zamewa daga mazauninsa, gasasshe kuwa ya rasa ƙarfinsa. Ya tsaya a kan sauki mai matsakaici. Ya sa shokozoba da ya dace da sabon sifirin. Ya sake robobin gaɓoɓin ƙafa in sun tsufa. Bayan 'yan kwanaki, in sifirin ya zauna, ya kai motar a yi mata saitin ƙafa a kan na'ura, a daidaita fitilu. Ya sa tayoyi masu kyau, domin su kaɗai ne ke taɓa ƙasa. Ya sanar da kamfanin inshora. In bayan duk wannan akwai sauran kuɗi, motar kuma tana cikin irin waɗanda aka ambata, to, ya sayi sanda ƙwaƙƙwara, mara gaɓa. A ɗaura ta mota na tsaye bisa tayoyinta a wuri mai laushin daidai, ba a kan jak ba, a ɗaure notunan gwargwadon ƙarfin da maƙera suka faɗa, kada a danne ta da ƙarfi don ta shiga. In kuma don ado kawai yake sonta, babu laifi, muddin ya san ado ya saya.

Akwai wata magana ta ƙarshe ga masu aika motoci gida. Tsofaffin motocin Turai da yawa suna ƙarewa ne a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Legas da Tema, daga nan su nufi arewa. Abin da ya sa 504 ta yi suna a waɗannan hanyoyi shi ne tsayinta daga ƙasa da doguwar hanyar da ƙafarta ke da ita ta motsawa, watau daidai abubuwan da durƙusawa ke ragewa. Wanda zai aika wa mahaifinsa ko ƙanensa durƙusasshiyar mota, alherin da zai yi musu shi ne ya mayar mata da sifirinta na asali kafin ta hau jirgi. Mai saye a can kuma, in ya ɗaga murfin inji ya ga sanda mai ƙyalli, kada ta ɗauke masa hankali. Ya durƙusa ya shafa gefen cikin tayoyin gaba, ya duba kafaɗun ko sun kumbura ko sun tsage, ya tambayi irin tuƙin da mai ita na farko ya yi da ita.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.